Idan Kwamfireshan Injin Tsohuwar Mota Ya Faɗi Farat Ɗaya

Masu tsofaffin motoci irin su Golf 3 da Mazda 323 da ke jigila tsakanin Masaka da Nyanya sun san wannan matsala: jiya mota lafiya lau, yau ka murza makulli injin yana juyawa sakwa-sakwa, ya ƙi tashi. Da yawan bakanikai za su ce a sauke injin a sa ringi. Ni dai ban yarda a fara da nan ba, domin ringi a hankali yake cinyewa, ba ya mutuwa dare ɗaya.

A cire fulogai, a sa geji a kowace silinda. Lafiyayyen injin fetur yakan ba da PSI 125 zuwa 180, kuma silinda ba sa nisa da juna sosai. Idan duka sun faɗi tare, a duba bel ɗin tamin, wataƙila ya tsallake haƙori, ko kuma fetur ya yi yawa ya wanke baƙin man da ke jikin silinda. Idan biyu maƙwabta ne suka faɗi, gasket ɗin kai ne ya ƙone tsakaninsu, abin da ya saba biyo bayan zafin injin a gosulon Mararaba.

Silinda ɗaya kuwa, a zuba mata cokalin baƙin mai a sake gwaji. In lamba ta hau, ringi ne. In ba ta motsa ba, bawul ne ya ƙone ko ya lanƙwashe, kuma wannan kan injin kawai za a buɗe.