Tarihin Liniya Furogiramin: Lissafin Tsara Aiki da Rabon Kaya

Liniya furogiramin reshe ne na lissafi da ke amsa tambaya guda: idan abin hannu kaɗan ne, buƙatu kuma da yawa, wane rabo ne zai fi kawo riba ko rage kashe kuɗi? Ana rubuta abin da ake nema da iyakokin da ba a ƙetarewa, kamar jari, ma'aikata da lokacin inji, a jerin lissafin da ninka kaya ke ninka kuɗinsa daidai wa daida, sannan a nemo tsarin da babu wanda ya fi shi.

Bafaranshe Joseph Fourier ya taɓo batun a shekarun 1820, sai aikin ya kwanta. A Tarayyar Sobiyet ya farfaɗo. A 1938 wata ma'aikatar gwamnati mai yin allunan katako ta kai wa Leonid Kantorovich, matashin farfesa a Jami'ar Leningrad, matsalarta: ga injuna da dama, ga itace iri-iri, kowane inji da irin wanda ya fi saurin sarrafawa, to yaya za a raba musu aiki? Kantorovich ya lura cewa matsalar sufuri da ta rabon gonaki duk jirgi ɗaya ya kwaso su da wannan, ya kuma buga ɗan littafi a kai a 1939. Hukumomi ba su yi marhabin da shi ba. Lissafin nasa yana fitar da wasu lambobi masu nuna darajar kowane abu gwargwadon ƙarancinsa, wannan kuwa ya yi kama da farashin kasuwa, abin da aƙidar gurguzu ke ƙyama. Sai a 1965 aka ba shi lambar yabo ta Lenin.

A Amurka Yaƙin Duniya na Biyu ne ya haifar da wannan lissafi. George Dantzig ya yi wa rundunar sojan sama aikin tsara horo da jigilar kaya, a 1947 kuma, ba tare da ya san aikin Kantorovich ba, ya fito da dabarar simfiles. Hikimarta ita ce, duk tsare-tsaren da suka cika sharuɗɗa suna haɗuwa su yi siffa mai kusurwoyi, amsar da ta fi kyau kuma tana kan ɗaya daga cikin kusurwoyin. Saboda haka sai a riƙa taka gefen siffar daga kusurwa zuwa wadda ta fi ta, har a kai inda babu gaba. Dantzig kan ba da misalin raba ayyuka 70 ga mutum 70: yawan hanyoyin yin hakan lamba ce mai alƙaluma fiye da 100, babu kwamfutar da za ta gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Gwajin farko mai girma a kan abinci aka yi shi. A 1945 George Stigler ya nemi cimaka mafi arha da za ta wadatar da jikin mutum daga cikin abinci iri 77, ya yi kirdado ya samu dala 39.93 a shekara, bisa farashin 1939. A 1947 ma'aikata tara riƙe da injinan lissafi na hannu suka bi dabarar simfiles, aikin da ya ci jimillar kwanakin aiki 120, suka samu dala 39.69. Santi 24 kacal Stigler ya kuskure. Irin wannan lissafin ne masu haɗa abincin kaji da na shanu ke yi da kwamfuta a yau.

Abin mamaki, dabarar da aka ƙirƙiro don gwamnati da soja a hannun 'yan kasuwa ta fi samun gindin zama. Matatun mai suka fara rungumarta a shekarun 1950 wajen gauraya fetur, kamfanonin jiragen sama da na lantarki suka biyo baya.

A 1975 aka ba Kantorovich da Tjalling Koopmans, wanda ya yi aikin tsara zirga-zirgar jiragen ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, kyautar Nobel ta tattalin arziki. An tsallake Dantzig, kuma da wuya a kare wannan hukunci. Shi kansa Koopmans bai ji daɗinsa ba.

A 1972 Victor Klee da George Minty suka nuna cewa akwai matsalolin da ke sa simfiles ta zagaye kowace kusurwa kafin ta kai ga amsa. Leonid Khachiyan ya kawo hanyar da ta fi ta tabbaci a takarda a 1979, amma a aikace tafiyar hawainiya take yi. Ta Narendra Karmarkar, ta 1984, wadda ke ratsa tsakiyar siffar maimakon bin gefe, ita ce ta yi gogayya da simfiles da gaske. Manyan manhajojin yau suna ɗauke da simfiles da irin hanyar Karmarkar.