Arangamar Gadar Powick ta 1642

Yaƙin basasar Ingila, wanda aka gwabza tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisar Dokoki a kan haraji da ikon runduna da tsarin coci, ya soma ranar 22 ga Agusta 1642 sa'ad da sarki ya kafa tutarsa a Nottingham, amma karo na farko mai nauyi tsakanin baraden ɓangarorin biyu, wato mayaƙa bisa dawakai, ya auku ne ranar 23 ga Satumba a gadar Powick da ke kan kogin Teme, kudu da Worcester.

Azurfa ce musabbabin haɗuwar, domin Sir John Byron ya ɗauko tasoshin azurfa daga Oxford don a biya sojojin sarki da su, ya yada zango a Worcester, sai sarki ya turo ɗan 'yar'uwarsa, Yarima Rupert, mai shekara 22, da barade wajen dubu ɗaya su yi masa rakiya. Mahayan Majalisa, waɗanda yawansu ya yi kusa da haka, ƙarƙashin John Brown da Nathaniel Fiennes, sun kewayo ta kudu don tare hanya, suka haye gadar suka shiga wani matsattsen lungu, ba su ankara ba sai ga mutanen Rupert suna hutawa a makiyaya, da yawansu sun tuɓe sulke. Rupert bai tsaya ɗamara ba, ya haye doki ya afka musu da takobi tun kafin su gama fitowa su ja daga. Wannan salo na sukuwa da takobi, wanda ake dangantawa da Sarkin Suwidin Gustavus Adolphus, ya bambanta da tsohuwar al'ada ta tsayawa a harba ƙaramar bindiga kafin a haɗu, kuma a irin wannan ƙunci shi ya fi dacewa. Kanar Edwin Sandys na ɓangaren Majalisa ya sami raunin da ya zama ajalinsa, saura kuwa suka ranta a na kare har Pershore, inda suka sa wa dogaran Essex, babban kwamandan Majalisa, firgici.

Asarar rayuka ba ta taka kara ta karya ba, kuma kashegari Essex ya shiga Worcester, sai dai azurfar ta tsira, sunan Rupert kuma ya zama abin tsoro. Yarda da kai da wannan nasara ta haifar ta cuci baradensa a yaƙin Edgehill ranar 23 ga Oktoba, inda suka tarwatsa mahayan Majalisa suka bi su da kora mai nisa, suka bar dakarun sarki, wato sojojin ƙasa, a filin daga ba mai kare su.