'Yandoto, Garin Malaman Da Yaƙi Ya Ci

Tun kafin jihadi 'Yandoto ta shahara a ƙasar Katsina da malamai, irin waɗanda ke noma da damina, su koma karatu da rani. Gona ce ke ciyar da makaranta. Da malamanta suka ƙi yi wa Shehu mubaya'a, Muhammadu Bello ya ci garin wajen 1806, littattafai suka watse.

A Italiya ma jiragen yaƙi sun rushe gidan ibadar Monte Cassino a 1944, amma an riga an kwashe littattafansa zuwa Rum, an kuma sāke gina shi. Mu kuwa labarin 'Yandoto yawancinsa daga alƙalamin wanda ya ci ta muka samo shi. Garin yana nan kusa da Tsafe, a Jihar Zamfara.