LISBON: ABIN DA DUWATSU BA SU FAƊA BA

Mai karatu, idan Allah Ya nufe ka da zuwa Lisbon, babban birnin ƙasar Fotugal da ke bakin kogin Teju daf da inda yake faɗawa cikin tekun Atlantika, za a nuna maka wurare masu kyau har idonka ya gaji. Sai dai kowane gari yakan yi wa baƙo kwalliya ne da abin da yake so a gani. Sauran labarin kai za ka nema da kanka.

Fara da gidan sarautar Sawun Joji da ke kan tudu, inda za ka hango garin kaf da kogin a shimfiɗe ƙarƙashinka. Wannan tudu Musulmi sun riƙe shi fiye da shekara ɗari huɗu, tun wajen 714, suna kiran garin Al-Ushbuna. A 1147 sarki Afonso Henrikes ya kewaye shi da taimakon mayaƙan Kirista daga Ingila da Jamus, aka shafe kusan wata huɗu kafin mutanen ciki su miƙa wuya. In ka gangaro za ka faɗa unguwar Alfama mai lunguna matsattsu, kai ka ce cikin tsohon birnin Kano kake. Sunan ma daga Larabci ne, Alhamma, wato wurin ruwan ɗumi. Kusa da nan akwai Murariya, unguwar da aka tattara Musulmin da suka rage bayan cin garin. Nan suka zauna har 1496, lokacin da sarki Manuwel ya ba da umarnin cewa Yahudawa da Musulmi su karɓi Kiristanci ko su bar ƙasar. Mutanen sun tafi, sunayen unguwanninsu ne suka rage.

Daga nan sai a hau jirgin ƙasan cikin gari a yi yamma, a bi gefen kogi zuwa Belem, inda baƙi suka fi yin cincirindo. Daga wannan gaɓa Basko da Gama ya tashi a 1497, ya kewaye Afirka ya isa Indiya a 1498. Dukiyar da ta biyo bayan wannan tafiya, ta barkono da sauran kayan yaji, da harajinta aka gina gidan ibadar Jeronimos, wanda aka fara wajen 1501 aka kwashi kusan shekara ɗari ana aikinsa. An sassaƙa dutsen tamkar zanen lalle a hannun amarya, kabarin Basko kuma yana ciki. Gaba kaɗan ga hasumiyar Belem a bakin ruwa, wadda aka fara a 1514 don tsaron mashigar gari. A 1983 Unesko ta sa su biyun cikin kayan tarihin duniya.

To amma tsaya gaban wani gini mai siffar goshin jirgin ruwa da aka buɗe a 1960. Mutum-mutumi 33 ne a jikinsa, matuƙa da mayaƙa da malamai, mace ɗaya tak, Filifa. Wanda ke kan gaba ɗanta ne, yarima Henri, mai ɗaukar nauyin jiragen da suka bi gaɓar Afirka. A 1444 jiragen suka sauke mutum 235 da aka kamo, aka rarraba su a garin Lagos na kudancin Fotugal, aka raba uwa da ɗa, miji da mata, Henri yana kan doki ana ware masa nasa kason. Zuwa 1551 kusan mutum ɗaya cikin goma na mazauna Lisbon bawa ne. Su ke ɗebo ruwa, su ke dako a tashar jirgi, matan kuwa su ke kwashe ƙazantar gidaje su kai kogi. Daga baya babu ƙasar da jiragenta suka tsallake teku da bayi kamar Fotugal, kuma cikin waɗanda aka kai Bahiya ta Birazil har da Hausawa, waɗanda suka shirya tawaye a 1807. Kin ji, 'yar'uwa, labarin bai yi mana nisa kamar yadda muke zato ba. Duba ginin nan daga farko har ƙarshe, ba za ki ga wanda aka sassaƙa don tunawa da su ba.

A dawo tsakiyar gari a hau zuwa cocin Karmo. Ginshiƙai na tsaye, rufi babu, sai sararin samaniya. Ranar Asabar 1 ga Nuwamba 1755, da hantsi, ranar idin Kiristoci mutane sun cika coci-coci, ƙasa ta girgiza. Waɗanda suka tsira suka ruga bakin kogi, sai ruwan ya ja baya, can kuma ya dawo kamar bango ya kwashe su. Wuta ta kama ta yi kwanaki tana ci. Dubun dubatar mutane suka halaka, fadar sarki da ɗakin littattafanta suka tafi. Wazirin da aka fi sani da Pombal shi ya sake gina tsakiyar garin da tituna miƙaƙƙu, inda fadar take kuwa yanzu fili ne makeke mai fuskantar kogi. Abin da aka tara a shekara 250, safiya ɗaya ta cinye mafi yawansa. Alfama ta talakawa, da yake kan dutse take, ita ce ta fi tsira. Allah mai iko!

Ba cewa nake kada a ɗauki hoto ba, wuraren sun cancanci kallo. Amma wanda ya tsaya gaban babban gini, a Lisbon ko a garinsu, ya kamata ya tambayi wa ya ɗauko dutsen, da guminsa wa aka biya magina. Sunan sarki ba ya ɓata, mawaƙa da marubuta sun tsare masa. Na mai dako kuwa, in ba mai ziyara ya tuna da shi ba, ba shi da kowa.

Allah Ya sa mu yi kallo da idon basira, amin.