Riƙo Da Binciken Gidan Mariƙi: Daga Sabon Gida Zuwa Gaban Alƙali

A ƙasashen Turai da Amurka, duk mai son a ba shi yaron da ba shi ya haifa ba, tilas ya buɗe wa ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ƙofar gidansa. Za ta duba inda yaron zai kwana, ta tambayi abin da maigida ke samu, ta nemi takardar likita da shaidar cewa ba a taɓa ɗaure shi ba, ta zanta da miji da mata, sa'an nan ta rubuta wa alƙali rahoto. Wannan tsari bai daɗe ba. Daga 1854 zuwa 1929, jiragen ƙasa sun kwashi yara marasa galihu kimanin 200,000 daga biranen gabashin Amurka zuwa karkara, inda ake jera su manoma na zaɓe, wasu har suna taɓa damtsen yaro su ji ko zai iya aikin gona. Sai a 1917 jihar Minesota ta zama ta farko da ta wajabta binciken gida kafin kotu ta amince.

A Sabon Gida da sauran garuruwan Madawa, Buza da Keita, abin da muka gada shi ne riƙo, kuma yana da nasa binciken, ko da yake ba a rubuta shi. Kunyar ɗan fari takan sa a kai yaro wurin kakarsa da zarar an yaye shi, sau da yawa can zai girma. Matar da Allah bai ba haihuwa ba, ɗan'uwanta ya ba ta ɗiya. Amarya da za a kai wani gari a haɗa ta da ƙaramar yarinya mai ɗebe mata kewa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙe yara har ta aurar; abin da ta faɗa game da ƙasar Zazzau, tsofaffin Adar ba za su ji shi baƙo ba.

Kafin uba ya ɗaga ɗiyarsa ya bayar, ya riga ya san gidan shekara da shekaru. Ya san ko rumbun mijin ƙanwarsa yana kai su kaka, ya san halin kishiya, ya san ko mai riƙon tana da saurin hannu. Bayan an bayar kuma ba a rufe magana ba. Zumunta a ƙafa take: ranar kasuwa, ranar suna, ranar gaisuwar mutuwa, wani daga dangi zai leƙa, ya ga kan yarinya da kitso ko babu, ya ga ko ta rame. In abin bai yi ba, a aiko a ce kakarta na son ganinta, daga nan ba ta komawa, ba tare da an ci fuskar kowa ba. A ganina wannan ya fi ziyarar ma'aikaciya ƙarfi, domin ita sau biyu ko uku za ta zo, kuma an share tsakar gida kafin ta iso.

Malamai su ma suna da nasu ma'auni. Musulunci ya hana a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, kamar yadda ya zo a Suratul Ahzabi kan Zaidu ɗan Harisa. Don haka ɗan riƙo yana nan da sunan ubansa, shi yake gada, mariƙi kuwa sai dai ya yi masa kyauta ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. Muhtasar na Halilu, littafin ƙarni na 14 da ake karantawa a zaurukanmu, ya jera sharuɗɗan mai reno: hankali, iya ɗawainiya, amana, rashin cuta mai cutar da yaro, da wurin zama mai tsaro; in namiji ne, sai yana da macen da za ta kula da yaron. Wanda ya aza wannan jeri kusa da tambayoyin ma'aikaciyar yau zai yi mamakin yadda suka yi kama.

Hanyar kotu da Faransa ta bar wa Nijar ta fi shafar jaririn da aka tsinta, wanda ba shi da dangin da za su leƙa. Nan ne ma'aikatar kula da kare yara ke yin binciken gida, alƙali ya yanke hukunci. Nijar ta shiga yarjejeniyar Heg ta 1993 kan miƙa yara tsakanin ƙasashe a 2021. Shari'ar da ta girgiza Yamai a 2014, kan jarirai kimanin 30 da aka ce an sayo daga kudancin Nijeriya ta hanyar Benin aka nuna kamar haihuwarsu aka yi, ta bayyana inda gorin rashin haihuwa ke kai masu hali. A 2017 aka yanke wa Hama Amadu, tsohon shugaban majalisar dokoki, ɗaurin shekara guda, shi kuwa ya musanta, ya ce siyasa ce. Yaron da aka ɓoye asalinsa, babu mai zuwa duba shi, dangi ko hukuma.

Rauni na riƙo kuwa tun can yana wurin maraya da ɗan talaka. Uban da ya ba da ɗa saboda yunwa, kamar yadda aka yi a 1973 da 1984 da 2005, ba shi da bakin da zai ce a maido masa shi. Ci-rani ya ƙara nisanta masu ido: mazan Buza da Keita suna Abijan, Legas ko Libiya, ɗiyar da a da za a kai ƙauyen da ke bayan tudu yanzu tana Tawa ko Yamai wurin wata gwaggo ta nesa, tana talla ko wanke-wanke, ana kiran abin riƙo. Alƙalan yara da aka kafa a 1999 ba sa jin labarinta sai ta gudu ko an ji mata rauni, domin babu takardar da ta nuna ranar da ta bar gidan ubanta.