Lamba 2,147,483,647: Tarihinta da muhimmancinta

Lamba 2,147,483,647, wato biliyan 2 da miliyan 147 da dubu 483 da 647, tana daga cikin lambobin da suka yi fice a ilimin lissafi da kuma fasahar kwamfuta.

Ana samun ta ne idan aka fara da 1, aka yi ta ninka shi biyu har sau 31, sannan aka debe 1 daga abin da aka samu.

Ba ta rabuwa

Ita dai wannan lamba tana cikin rukunin lambobi marasa rabuwa, waɗanda babu abin da ke raba su ba tare da saura ba, sai 1 da su kansu.

Ita ce ta takwas a jerin lambobin Mersenne marasa rabuwa, jerin da ya fara da 3 da 7 da 31 da 127. Sunan ya samo asali ne daga Marin Mersenne, wani malamin addinin Kirista ɗan Faransa, wanda a shekarar 1644 ya yi hasashen cewa lambar ba ta rabuwa.

Sai a shekarar 1772 masanin lissafi Leonhard Euler ɗan ƙasar Suwizalan ya tabbatar da hasashen. Daga nan ta shafe gomman shekaru a matsayin lamba mafi girma da aka sani a wannan rukuni.

Haka kuma 31 ɗin da aka gina ta a kai ita ma lambar Mersenne ce. Lambobi huɗu kacal aka sani masu wannan siffa.

A watan Oktoban 2024 aka gano lambar Mersenne maras rabuwa ta 52, mai alƙaluma fiye da miliyan 41.

Matsalar shekarar 2038

A kwamfutocin da ke ajiye lamba a gurabe 32, gurbi ɗaya kan nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa da shi. Saboda haka 2,147,483,647 ce iyakar abin da sauran gurabe 31 za su iya ɗauka.

A watan Disambar 2014 kamfanin YouTube ya bayyana cewa ya faɗaɗa ma'ajin ƙidayarsa zuwa gurabe 64, saboda yawan kallon da aka yi wa bidiyon Gangnam Style ya zarce wannan adadi.

Babban abin damuwa shi ne agogo. Na'urori da dama na ƙidaya lokaci ne da daƙiƙa tun daga ranar 1 ga watan Janairun 1970.

Ƙidayar za ta cika ranar 19 ga watan Janairun 2038, da ƙarfe 3 da minti 14 da daƙiƙa 7 na dare agogon GMT.

Daƙiƙa ɗaya bayan haka, duk na'urar da ba a gyara ba za ta iya komawa watan Disambar 1901.

Akasarin sababbin kwamfutoci da wayoyin salula sun koma tsarin gurabe 64. Sai dai hatsarin na nan ga tsofaffin na'urorin da aka dasa cikin injuna, waɗanda sauya su ke da wuya.