Allon kafaɗa da tsokokinsa: abin da ke ɗaga hannun ɗalibi

Allon kafaɗa ƙashi ne mai faɗi, mai kusurwa uku, da ke kwance a kan haƙarƙari ta baya. Babu gaɓar da ta ɗaure shi da ƙashin baya. Mahaɗinsa ɗaya da sauran ƙasusuwan gangar jiki shi ne siririn ƙashin da ya gitta daga ƙasan wuya zuwa kafaɗa. Sauran aikin riƙo duk na tsoka ne, kuma tsokoki 17 ne suke manne da shi.

Idan mutum ya ɗaga hannu har sama, wato digiri 180, gaɓar kafaɗa tana bayar da kusan 120 ne kawai. Ragowar 60 daga juyawar allon suke fitowa, kamar yadda likita Verne Inman da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a 1944. Tsokoki biyu ne jagororin wannan juyi: seratus, wadda ta taso daga gefen haƙarƙari ta manne allon da jiki, da tirafiziyos, wadda ta shimfiɗu daga ƙeya zuwa tsakiyar baya. In sun yi rauni, allon ba ya juyawa yadda ya kamata, sai jijiyoyin gaɓar su ɗauki wahalar. Shi ya sa ake jin ciwon a gaba ko a gefen kafaɗa, alhali tushensa yana baya.

Ɗalibai suna cikin masu haɗuwa da wannan. Zaman sa'o'i a benci an duƙa kan littafi, musamman gab da jarrabawar BEPC ko BAC, da sunkuyar da kai kan waya, suna tura kafaɗa gaba. Ga kuma jaka: likitoci da dama suna ba da shawarar kada ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin yaro, wato kilo 4 zuwa 6 ga mai kilo 40, kuma a rataya ta a kafaɗu biyu. Igiyar jaka mai nauyi tana iya danne jijiyar da ke motsa seratus, har allon ya ɓullo kamar fiffike idan an tura bango.

Sai dai ba duk mai karkataccen allo ne ke ciwo ba; da yawa lafiyarsu lau. Haɗarin ya fi bayyana ga masu wasannin jifa da ɗaga hannu, irin su kwando da ƙwallon hannu.

Atisayen ba ya buƙatar kayan aiki: tura bango da tafin hannu, matse allunan biyu ta baya na ɗan lokaci, da tashi a miƙe tsakanin darasi da darasi. Amma ciwon da ya ɗauki makonni, ko hannu ya mutu, ko allon ya fito fili, na zuwa asibiti ne, inda za a iya tura ɗalibin wurin mai gashin ƙashi, wanda ake kira kine.